Ashirin da Tara ko Talatin

An haifi Irmiya a Dabai, kusa da Zuru, a gidan wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya da rabi. Uban ya so ɗan ya gaje shi, amma ranar ɗaukan soja aka auna ƙirjin yaron aka ce saura yatsa biyu ya cika. Sai aka tura shi makarantar koyon tafireta da ajiye lissafi, inda ba a auna ƙirjin kowa. Ya sauka Sakkwato yana da shekara ashirin da shida, da akwatin ƙarfe, da takardar shaida ɗaya, da rubutun hannu mai kyau kamar na ɗab'i.

Wanda ya ɗauke shi aiki shi ne Alhaji Maccido, attajirin hatsi da atamfa, mai shaguna a kasuwa da rumbuna a bayan gari. Alhaji ya sha faɗa a gaban mutane cewa rubutun ne ya burge shi. Akwai wannan. Akwai kuma cewa yana neman wanda zai zauna ofis ranar Juma'a idan kowa ya tafi masallaci, wanda kuma kansa ba ya nauyi da la'asar ɗin azumi. Kirista daga Zuru ya cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba.

Bayan shekara biyu Irmiya ya auri Martha, malamar firamare 'yar garinsu. Alhaji ya ba su wani gidansa a Tudun Wada, ciki biyu da falo da ɗan tsakar gida, ba haya, ba takarda. Ya miƙa masa mabuɗin ya ce, "Gida naka na, muddar kana tare da mu." Irmiya ya ji farkon maganar sosai. A gidan aka haifi 'yarsu Ruth, a gidan aka yi bikinta, kuma Martha ta shuka lemun tsami a tsakar gida har ya wuce katanga. Shekara ashirin da tara suna ciki. Ba su da fili a ko'ina, domin albashin an yanka shi ne da sanin cewa ba sa biyan haya.

Aikin Irmiya kuwa ya samo asali ne daga taurin kan Alhaji. Banki da masu haraji suna son rahoto da watan boko. Alhaji bai san wannan ba, ko kuma ya sani ya ƙi. Shi da watan sama yake rufe lissafi, kamar yadda ubansa ya yi: da shi yake sallamar masu tsaron shago, da shi yake ƙidayar shekarar zakka, kuma da sunayen da ya ji a bakin tsofaffi yake kiransu, watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Bawa. Saboda haka kowane rahoto a kamfanin yana da kai biyu. Dole a rubuta sunan watan sama, ranar da ya kama da ranar da ya ƙare, a ajiye ranakun boko a gefensu, sannan a ɗauko abin da ya rage a watan jiya a buɗe sabon wata da shi. Watan sama kuwa ba ya gaya wa kowa tsawonsa tun da wuri. Ko ya yi ashirin da tara, ko ya cika talatin, sai an gan shi da ido an yi sanarwa.

Zamanin manyan littattafai wannan aikin yini ɗaya ne. Da kwamfuta ta zo don ta rage wahala, sai ya koma kwana uku. Kowane shago da fayil ɗinsa, kowane rumbu da nasa, motoci da gidaje da nasu, har suka kai talatin da huɗu, kuma a cikin kowanne akwai wuri tara da sai an canja da hannu. Wuri ɗari uku da shida ke nan, kowanne a cikin ɗan akwatin da bai kai ƙwayar gero biyu ba a fuskar kwamfuta. In aka manta ɗaya, rahoton rumbu ya ƙi daidaita da na shago, Alhaji kuma ya fara kallon mai tsaron rumbun da wani irin ido. An taɓa korar wani mutum a kan haka kafin a gano kwanan wata ne bai canja ba. Ba a dawo da shi ba, amma daga ranar aka ba Irmiya ɗaki shi kaɗai a ofishin da ke Gidan Dahala, aka kuma kafa doka: idan wata ya tsaya, kwana uku ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ma'aikata suka sa masa Sarkin Wata. Ya kai ga in an yi gardama a kasuwa kan ko yau nawa ga wata, shi ake bugo wa waya, shi da bai taɓa kai azumi ko guda ba. Duk ranar ashirin da tara yakan fita tsakar gida da magariba ya duba yamma, sannan ya kunna rediyo ya jira sanarwa daga fada. Martha tana da wasan da ba ta gajiya da shi. In matan zumunta a coci suka tambayi mijinta, sai ta ce, "Yana can wurin wata. Duk wata sai ya yi mata kwana ukku, ni kuwa na haƙura."

Yana da shekara hamsin idanun suka fara. Ba su yi ciwo ba. Gefe-gefe ne ya riƙa ɓacewa, kamar ana tura ƙyauren ɗaki a hankali daga dama da hagu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da magani, ya kuma hana shi dogon kallon kwamfuta. Irmiya ya yi godiya, ya koma ofis ya kalli kwamfuta kwana uku. A watan ya tsallake akwati huɗu. Ya gano su kafin kowa, amma ya zauna yana gumi a ƙarƙashin fanka. Ya san Alhaji. Mutum ne mai tausayin marasa lafiya, yakan aika musu da lemu da ruwan gora har gida, yakan kuma ba wani kujerarsu kafin lemun ya ƙare.

Bai gaya wa kowa ba sai Martha. Abin da ya yi shi ne, wata takwas yana amfani da dare da ranakun da ƙofa take rufe yana koyon abin da ba a koya masa a makarantar tafireta ba. Ya sayi wani tsohon littafi a bakin titi, ya riƙa sauraron masu koyarwa a waya, yana gwadawa yana ɓatawa. A ƙarshe ya gina fayil ɗaya da ya kira Uwa, ya ɗaura sauran talatin da huɗun a jikinta. A tsakiyar Uwa akwai akwati ɗaya babba, ya shafa masa rawaya don ya riƙa ganinsa. In an rubuta 29 ko 30 a ciki aka danna, sunan wata ya canja a ko'ina, ranakun boko su bi, ragowar watan jiya ta sauka inda ya kamata, wuri ɗari uku da shida a lokaci guda. Aikin kwana uku ya koma minti ɗaya, har da buɗe kwamfutar.

Ya ɓoye Uwa a cikin wata jaka a kwamfutar, ya sa wa jakar suna Waƙoƙin Sujada. A shekara shida ba wanda yatsansa ya taɓa kaucewa ya buɗe ta.

Waɗannan shekaru shida su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Wata ya tsaya, ya rufe ƙofa, ya rubuta lamba biyu, ya ɗiga magani, ya jingina ya rufe idanu. Yana jin ma'aikata suna rage murya idan sun zo wucewa, wani ma har ya cire takalmi. Ba ya barci, domin yana ganin barci a bakin aiki rashin amana ne. Zama kawai yake yi da ido a rufe, daga takwas zuwa huɗu. Rana ta uku da la'asar ya buɗe ƙofa, ya fito yana murza wuya, ya kai wa Alhaji rahoto. Ba a sake samun kuskure ko ɗaya ba. Alhaji yakan ce wa baƙi, yana kiransa da sunan ƙabilarsa, "Badakkaren ga, tsuhwa ƙara mai kyau yake."

Sai Faruk ya karɓi ragamar ofis. Shi ne ɗan Alhaji na uku, wanda Irmiya ya sha kai wa makaranta a bayan babur, yanzu ga digiri biyu ga agogon da ke ƙidaya takunsa. Yana kiransa Baba Irmiya, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsohuwar kujerar da ba a san inda za a kai ta ba. Bai yi wata huɗu ba ya gayyato wani Bakano mai suna Abdulrazak, mai sayar da manhajar lissafi, ya zo ya nuna wa Alhaji kayansa. Kowa a ofis ya san abin da hakan ke nufi. Idan manhaja ta shigo, ɗakin Sarkin Wata zai zama wurin ajiye takardu, gidan Tudun Wada kuma ya bi bayan ɗakin.

An yi taron da hantsi, ranar talatin ga Sha'aban. Jiya an duba wata ba a gani ba, don haka azumi sai gobe, kuma kowa yana cin na bankwana. Alhaji na zaune a kujerarsa da kofin shayi. Abdulrazak ya haska manhajarsa a bango, yana magana da sauri, yana cewa ita da kanta take juya wata, ba mai taɓa ta. Alhaji ba ya jin Turanci, amma yana karanta lamba. Ya nuna saman bangon da kofin.

"Can bisa, mi ta rubuta?"

"Kwanan wata ne, ranka ya daɗe. Ɗaya ga Ramadan."

Alhaji ya dubi shayin hannunsa, ya dubi Bakanon. "Yau ɗaya ga azumi na? To ni ga shayi ga hannuna. Na'urar ga ta kama azumi ba ta hwaɗa muna ba?"

Aka yi dariya. Abdulrazak ya gyara hula ya ce lissafin taurari take bi, an tsara mata shekara ɗari gaba.

"Wa yag gane mata watan?" in ji Alhaji. "Mu nan ido mukan bi."

"Abu ne mai sauƙi, ranka ya daɗe. Mako biyu za a gyara. Sai dai za a ɗan ƙara wani abu a kan farashin."

Faruk ya shiga maganar da sauri. "Baba, ko da kuskuren kwana ɗaya, ta fi. Dubi Baba Irmiya, Allah ya ba shi lada, kwana ukku yake yi a kan abin da wannan ke yi kafin ka ajiye kofi. Shekarunsa sun ja. Ya kamata a hutar da shi."

Alhaji bai ce a'a ba. Ya miƙa hannu a ba shi takardar farashin.

Irmiya yana zaune a ƙarshen tebur. Ya yi lissafinsa, kuma lissafin daidai ne a iya abin da ya sa a ciki. In ya yi shiru, an sayi manhaja, ya tafi. In ya nuna abin da yake da shi, Alhaji zai ga cewa a gidansa akwai wanda ya fi Bakanon, kuma kyauta. Akwai wani abu kuma da bai sa a lissafin ba: shekara shida yana riƙe da abu mafi kyau da ya taɓa yi a duniya, ba wanda ya taɓa gani. Ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, a ba ni minti ɗaya."

Aka haɗa kwamfutarsa da bangon. Ya laluba ya buɗe jakar, sunanta ya fito ƙato a gaban kowa.

"Baba Irmiya, yau ba Lahadi ba ce," in ji Faruk.

Bai kula shi ba. Akwatin rawaya ya bayyana. Ya rubuta 30, ya danna. Sannan ya riƙa buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, na shago, na rumbu, na motoci. A ko'ina Sha'aban ya rufe a yau, watan Azumi ya buɗe a gobe, da ranar bokonsa a gefe, da ragowar kaya a mazauninta. Abdulrazak ne ya fara magana, kuma da gaskiya ya yi ta.

"Malam, kai ka gina wannan? Wallahi aiki ne mai tsabta."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya mayar wa Bakanon takardarsa, ya sa a ba shi kuɗin mota da turmin atamfa ya kai wa iyali. Ya kira Irmiya kusa, ya kama hannunsa ya riƙe a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. "Kun gani? Ɗan Zuru ya kada ɗan Kano. Irmiya, Allah shi yi ma albarka. Tun yaushe kay yi abin ga?"

"Shekara shida ke nan, ranka shi daɗe."

"Shekara shidda," in ji Alhaji, yana murmushi, yana jijjiga masa hannu. "Madalla."

Irmiya ya koma gida da tsire a takarda. Ya ba Martha labarin tun daga shayin har atamfar, yana kwaikwayon muryar Bakanon. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da ya gama ta ce, "Baban Ruth, ya tambaye ka tun yaushe?"

"Ya tambaya."

"Kac ce mi?"

"Gaskiya mana. Mi zan ce?"

Ta ajiye tiren a ƙasa, ta daɗe tana kallon lemun tsamin. Ba ta ci tsiren ba.

Duk watan azumi ba abin da ya faru. Alhaji ba ya korar mutum a cikin azumi. Irmiya ya samu buhun gero da katan ɗin sukari kamar kowa, kamar kowace shekara. Abu ɗaya aka roƙe shi: ya zauna da Faruk ya nuna masa yadda Uwa take, ya kuma rubuta komai a takarda, saboda rai. Ya rubuta shafi goma sha ɗaya da rubutun nan nasa, ya ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare. Faruk ya canja wa jakar suna. Ma'aikata kuwa suka daina rage murya. Mai shara ta riƙa buga ƙofarsa da tsintsiya tana cewa, "Sarkin Wata, a tashi hakanan, gari ya waye." Wanda ya taɓa cire takalmi ya daina gaishe shi gaba ɗaya.

Kwana biyar bayan Ƙaramar Salla aka kira shi. Alhaji na kan darduma da carbi, Faruk na tsaye jikin taga yana duba waya.

"Zamna, Irmiya. Lissahi nike so ka yi min, kai na gwani. Shekara shidda, wata nawa ke nan?"

"Saba'in da biyu, ranka shi daɗe."

"Kwana ukku-ukku."

Irmiya ya gane inda lissafin ya nufa.

"Ina jin ka."

"Ɗari biyu da sha shida."

"Cire minti saba'in da biyu da kay yi aiki, kada in zalunce ka." Alhaji ya ja ƙwayar carbi. "To mi kake yi cikin ɗakin?"

A nan Irmiya ya faɗi maganar idon. Ya faɗi likita, da magani, da akwati huɗun da ya tsallake, da tsoron da ya ji. Bai taɓa yin doguwar magana haka a gaban Alhaji ba. Ya ce bai saci ko allura ba, rahoto bai taɓa latti ba, bai taɓa kuskure ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, fuskarsa cike da tausayi. "Subhanallahi. Ashe shekara bakwai makaho nike biya shi duba min dukiya. Faruk, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Irmiya, ban ce ka biya ni komi ba. Kwanakin ga na yahe ma, duniya da lahira, ga shaida. Amma ka ga, mutumin da ka iya ruhe ƙohwa a kaina kwana ɗari biyu da sha shidda, yana hitowa yana murza wuya, ban san mi kuma ya iya ba. Kuma likita ya ce ka huta. Ni ba ni jayayya da likita."

Za a biya shi watan Shawwal cikakke, ko da yake kwana biyar kawai ya yi a ciki. Gida kuma an ba shi wata ɗaya bayan wannan, watan Bawa duka, ya nemi wuri a natse. Alhaji ya sa aka ɗora masa kwandon lemu a keken da zai kai shi gida.

Irmiya bai nemi wuri ba da farko. Jira ya yi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa juya wata a kamfanin ba sai da hannunsa, kuma ya san Faruk ba ya karanta abin da ya wuce shafi ɗaya. Ranar da Shawwal ya ƙare ya cika wayarsa da caji, ya sa rigar zuwa ofis, ya zauna a falo. Ya shirya abin da zai ce in an kira: ba zai yi gori ba, zai ce yana zuwa. Wayar ta yi ƙara sau biyu a yinin. Na farko Ruth ce. Na biyu wani mai shago ne da bai ji labari ba, yana tambayar yau nawa ga wata. Washegari ya sake sa rigar. Rana ta uku ya haɗu da direban kamfanin a bakin titi, ya tambaye shi yaya ofis, kamar ba komai.

"Lahiya lau. Faruk ya yi abin nan naka yana cin gyaɗa. Alhaji ya ce ko lokacinka ba a samu rahoto da wuri haka ba."

Daga ranar ya daina kunna rediyo, ya daina fita tsakar gida da magariba. Ko ya fita ma, yamma ta zame masa hazo ɗaya. Martha ce ta yi ta yawo. A ƙarshe Ruth da mijinta Victor suka ce akwai ɗaki ɗaya a bayan gidan da suke haya a Arkilla, wanda ke ciki zai tashi ranar Asabar, ƙarshen watan boko. Martha ta ƙirga a kalandar coci da ke bango, ta tambayi mijinta yaushe watan Bawa zai ƙare. Ya ce Juma'a, in ya cika talatin, kuma zai cika. Kwana ɗaya tsakani, ba wanda zai kore su a kan kwana ɗaya.

Ranar Juma'a da sassafe a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, cike da katifu da tukwane. Sabon mai kula da rumbuna ne da iyalinsa, da takarda daga ofis. Martha ta fito da zani a ƙirji.

"Malam, ai da saura. Yau talatin, gobe mu tashi."

"Wane talatin, Mama? Wata ya tsaya jiya. Yau ɗaya ga watan Layya. Ba ku ji sanarwa ba?" Ya leƙa ya hango Irmiya a bakin falo. "A'a, Sarkin Wata, kai ma ba ka ji ba?"

Irmiya ya kira Faruk. Faruk ya ce shi ba ruwansa, takardar fita daga fayil ɗin gidaje ta fito da kanta, kuma Baba Irmiya ya fi kowa sanin fayil ɗin ba ya kuskure. Ya ce a gaida Mama.

Mutumin ba mugu ba ne. Ya ba su har azahar, ya ma sa hannu aka fitar da gado. Kafin a tafi masallaci kayan shekara ashirin da tara suna jere a bakin titi: kujeru, injin ɗinki, kwalayen littattafan makarantar Martha, da akwatin ƙarfe. Rana ta take, hadari yana haɗuwa ta gabas, masu raguna suna ratsawa ta tsakanin kayan suna cewa a gafarta. Victor ya ce ba zai samu mota ba sai an sauko daga Juma'a, kuma yau sai dai su kwana a falonsa. A cikin gida matar sabon mai gidan tana tambaya da ƙarfi ko lemun nan yana 'ya'ya ko a sare.

Suka zauna a kan katifa a naɗe, Martha ta riƙe musu lema.

"Baban Ruth."

"Na'am."

"Abin nan da kag gina. Ko ɗan rami ba ka bari ba ciki? Wurin da in sun taka sai sun neme ka?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

Ya goge gilashinsa da bakin riga. "Akwai wurin da na ji tsoro. Faruk ya saba da watan boko, na san wata rana sai ya rubuta talatin da ɗaya. Da ya yi haka, da duk talatin da huɗun sun watse, ba mai haɗa su sai ni."

"To?"

"Sai na toshe. In ya rubuta, ba ta karɓa. Rubutu na hitowa ya ce mai, ashirin da tara ko talatin kawai, sake gwadawa."

"Yaushe ka toshe?"

"Cikin azumi."

Martha ta juyo ta dube shi sosai, kamar yau aka kawo mata shi. Sannan ta janye lemar daga kansa, ta miƙe ta je ta rufe injin ɗinkin da ita, domin an fara yayyafi.